Henry Aaron, Yaron da Ya Ga Jackie Robinson

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da a ke kira besbol. Fiye da shekara 150 ke nan mutanen ƙasar suna yinsa, har ya zama kamar wasansu na gado, da wuya a sami gari, kome ƙanƙantarsa, wanda ba shi da filin yinsa. Daga can ne ya bazu zuwa Kuba, da Japan, da Meziko, da waɗansu ƙasashe. Galibin masu son wasan nan in an tambaye su mafarin son da su ke yi masa, sai su koma ga ƙuruciya. Wani ya ce ubansa ne ya fara kai shi kallo, wani ya ce a rediyo ya riƙa jin labarinsa tun bai san fili ba. Wannan labarin ɗaya daga cikin irin yaran nan ne, sunansa Henry Aaron, ana yi masa laƙabi da Hank. Aaron kuwa shi ne sunan da Hausawa ke cewa Haruna. Abin da ya gani da idonsa yana ɗan shekara 14 shi ya riƙe shi har ya rasu yana da shekara 86.

Yadda A Ke Wasan

Kafin a shiga labarinsa, ya kamata mai karatu ya san yadda a ke wasan, domin ya fahimci lissafin da ke zuwa gaba. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. A cikin filin akwai zango huɗu, an jera su kusurwa huɗu, tsakanin kowane zango da na gabansa ƙafa 90. Ɗaya daga cikinsu shi a ke kira gida, nan ne mai bugu ya kan tsaya da kulki a hannu. Mai jifa, watau mutumin ɗaya ƙungiyar, ya kan tsaya a tsakiya, nisan ƙafa 60 da inci 6, ya jefo masa ƙwallo. Ƙwallon ba ta fi lemo girma ba, amma tauri gare ta, an ɗinke ta da fata, gwanin jifa kuwa ya kan sake ta da saurin mil 90 cikin sa'a guda, ko fiye. In mai bugu ya kuskure ta sau uku, ya fita. In ya same ta, sai ya yar da kulkin ya sheƙa zuwa zangon farko, kafin abokan karawa su tsinto ta su riga shi kai ta can. In kuwa suka cafe ta a sama tun ba ta taɓa ƙasa ba, nan ma ya fita. Wanda ya bi zangunan nan duka ya komo gida, ya ci wa ƙungiyarsa ɗaya. In mutum uku suka fita sai a yi musaya, masu bugu su koma tsaron fili, masu tsaro su zo bugu. Haka za a yi ta yi har zagaye tara.

Bugun da ya fi kowane daraja shi ne mutum ya maka ƙwallo ta tashi ta tsallake katangar bayan fili. Sa'an nan ba mai ikon fid da shi, sai ya kewaye zanguna a natse ya komo gida, duk abokansa da ke tsaye a zanguna su ma su shigo a gabansa. Wannan shi za a riƙa kira bugun gida cikin labarin nan. Wanda ya yi irinsa sau 30 a shekara guda, lalle ya cika gwani.

Sarkin wannan bugu a da shi ne wani Bature mai suna Babe Ruth, wanda aka haifa a Baltimore cikin 1895. Shi ma a ƙuruciya ya kamu da son wasan. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka kasa da shi, suka kai shi wata makarantar horon yara ta 'yan mishan, can wani malami mai suna Matthias ya riƙa buga ƙwallo a gaban yara, shi kuwa yana kallo yana kwaikwayo. Sa'ad da Ruth ya bar wasa cikin 1935 ya yi bugun gida 714. Mutane suka ce wannan lissafi ya zauna ke nan har abada.

Ƙuruciya a Mobile

An haifi Henry Aaron ran 5 ga Fabrairu, 1934, a garin Mobile, bakin teku, cikin jihar Alabama ta kudancin Amurka. Baƙar fata ne, jikan bayin da aka kwaso daga Afirka. A bakin wannan gari ne jirgin ƙarshe da aka sani ya sauke bayi a Amurka, cikin 1860, da mutum wajen 110 da aka ɗauko daga Wida ta ƙasar Dahomi. An hana bauta cikin 1865, amma jihohin kudu suka kafa dokokin raba jinsi. Baƙi da Turawa ba su gama makaranta, ba su gama wurin cin abinci, ko wurin zama cikin mota. Aaron ya ba da labari da bakinsa cewa akwai daren da uwarsu ta kan tura su ƙarƙashin gado, in 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu kashe baƙi, sun bi ta unguwarsu.

Sunan ubansa Herbert, ma'aikaci ne a wurin gyaran jiragen ruwa, uwarsa kuwa Estella. Su takwas ne wurin iyayensu, shi ne na uku. Yana da shekara takwas uban ya sami fili a unguwar Toulminville, ya tattara ragowar katako ya gina musu gida da hannunsa. Ba kuɗin sayen kulki, ba na ƙwallo. Saboda haka yaron ya kan naɗe tsumma ya yi ƙwallo, ko kuwa ya tara murafun kwalabe, wani yaro yana jefo masa, shi yana bugu da sandar tsintsiya. Murfin kwalba kuwa ƙarami ne, ba ya tafiya sosai cikin iska, ya kan karkace nan ya karkace can. Wanda ya saba samunsa da sirirriyar sanda, ƙwallo ba za ta yi masa wuyar gani ba. Da ya tasa kuma ya yi aikin dakon ƙanƙara, yana sauke manyan dunƙule daga mota yana kai wa gidaje, ya ce wannan aiki ya ƙarfafa masa wuyan hannu. Da ya ke ba malamin da ya nuna masa, sai ya tashi yana riƙe kulki a juye, hannun hagu a bisa na dama, alhali shi na-dama ne.

A zamanin nan manyan ƙungiyoyin besbol ba su ɗaukar baƙar fata. Ba a rubuta dokar a takarda ba, amma masu ƙungiyoyi sun yi ittifaƙi a kanta tun wajen 1890. Don haka baƙi suka kafa tasu gasa dabam, wadda wani mai suna Rube Foster ya tsara cikin 1920. Akwai gwanaye a cikinta ƙwarai, har da Satchel Paige, mashahurin mai jifa, wanda shi ma ɗan Mobile ne. Amma albashinsu kaɗan ne, jaridun Turawa kuwa ba su kula da su. Wata rana Henry yana ƙarami ya ce wa ubansa yana so ya zama matuƙin jirgin sama. Uban ya ce ba a ba baƙi wannan aiki. Yaron ya ce to, sai ya zama ɗan wasa a manyan ƙungiyoyi. Uban ya ce can ma ba baƙi.

Zuwan Robinson

Ran 15 ga Afrilu, 1947, abin da uban ya faɗa ya tashi daga zama gaskiya. Shugaban ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn, cikin birnin Niyok, mai suna Branch Rickey, ya ɗauki wani baƙar fata, Jackie Robinson, ya sa shi wasa tare da Turawa. Rickey ya yi masa sharaɗi tun da fari, ya ce za a zage shi, za a cuce shi, amma kada ya rama, domin in ya rama za a ce baƙi ba su iya zama da mutane, a rufe ƙofar. Robinson ya yarda. Aka zage shi, aka aiko masa da wasiƙun barazana, masu jifa suka riƙa auna jikinsa da ƙwallo, ya daure. Ƙarshen shekara aka zaɓe shi ya fi duk sababbin 'yan wasa.

A farkon 1948 Dodgers suka biyo ta Mobile, suka yi wasan gwaji. Robinson ya tafi titin Davis, inda kasuwar baƙi ta ke, ya yi wa jama'a jawabi. Henry ya gudu daga makaranta a ran nan ya tafi ya tsaya cikin taro. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Da a rediyo ya ke jin sunan, yau ga mutumin tsaye, baƙi kamarsa, ana girmama shi. Bayan ya kalli wasan sai ya ce wa ubansa shi ma zai shiga manyan ƙungiyoyi tun Robinson bai bar wasa ba. A wannan karo uban ba shi da abin da zai musa da shi. Uwar ce ba ta so ba, ita burinta ya yi karatu ya zama malamin makaranta.

Hanyar Zuwa Sama

Ya fara wasan kuɗi da wata ƙungiyar baƙi ta garinsu, ana ba shi 'yan daloli ran Lahadi. A nan wani ya gan shi, ya kai labarinsa ga Indianapolis Clowns, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gasar baƙi. Cikin 1952, yana da shekara 18, ya hau jirgin ƙasa ya bar Mobile, da ɗan guzurin da aka ƙunsa masa da kuɗin da ba su wuce dala biyu ba. Albashinsa dala 200 a wata. A wannan tafiya ya ga abin da bai manta ba har tsufansa. Sun ci abinci a wani gidan abinci a Washinton, babban birnin ƙasar, da suka gama sai suka ji ma'aikata na farfasa faranta a ɗakin girki, don kada Bature ya ci a inda baƙi suka ci.

Bai yi wata uku da Clowns ba sai ƙungiyar Braves, ɗaya daga cikin manya, ta saye shi a kan dala 10,000. A lokacin ne aka gyara masa riƙon kulki. Aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu a Eau Claire, can arewa cikin jihar Wisconsin, inda baƙi ba su da yawa. Kewar gida ta kama shi har ya yi niyyar komawa, 'yan'uwansa suka ba shi haƙuri ya zauna. Cikin 1953 aka mai da shi kudu, Jacksonville ta jihar Florida, shi da waɗansu 'yan ƙalilan suka zama baƙin farko a gasar wannan yanki. In ƙungiya ta sauka a hotal, su sai a kai su gidajen baƙi cikin gari su kwana. In an tsaya cin abinci, su zauna cikin mota a miƙo musu. 'Yan kallo suna zaginsa, shi kuwa yana bugu. Ƙarshen shekara aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a gasar.

Cikin Maris, 1954, wani babban ɗan wasan Braves, Bobby Thomson, ya karye a idon sawu wajen wasan gwaji. Aka sa Aaron a gurbinsa. Ran 13 ga Afrilu ya yi wasansa na farko a babbar gasa, ƙungiyar kuwa ta riga ta ƙaura zuwa Milwaukee. Sau biyar ya tsaya bugu a ran nan, bai sami kome ba. Bayan kwana goma ya yi bugun gida na farko. Robinson kuwa bai bar wasa ba sai ƙarshen 1956, watau shekara uku suna karawa da juna a fili ɗaya. Maganar da yaro ya faɗa wa ubansa ta tabbata.

Shekarar 1957 ita ce ta fito da sunansa. Ya yi bugun gida 44, aka zaɓe shi gwanin gasarsu. Daren 23 ga Satumba shi ya yi bugun da ya ba Braves nasarar gasar, abokansa Turawa suka ɗauke shi a kafaɗa suka fita da shi daga fili. A wannan rana ɗaya, can a Little Rock ta jihar Arkansas, taron Turawa ya kewaye wata makaranta da ihu domin yara baƙi tara sun shiga ciki, har sai da shugaban ƙasa Eisenhower ya aika da soja. Cikin Oktoba Braves suka ci Yankees ta Niyok a wasan ƙarshe, suka zama zakarun ƙasa.

Aaron ba mai yawan magana ba ne, ba ya kuma nuna kansa. Bai taɓa yin bugun gida 50 a shekara guda ba, mafi yawansa 47 ne, cikin 1971. Amma shekara 20 a jere, daga 1955 zuwa 1974, bai taɓa kasa 20 ba. Da haka lissafinsa ya yi ta taruwa, kamar mai zuba hatsi a rumbu kowace kaka, mutane ba su farga ba. Cikin 1966 Braves suka sake ƙaura zuwa Atlanta ta jihar Georgia, ya koma kudun da ya baro.

Shekarar Wasiƙu

Da shekarar 1973 ta kama, kowa ya gane ɗan Mobile zai cim ma Babe Ruth. Waɗansu Turawa suka ga ba za su iya jure baƙar fata ya hau kan gwarzonsu ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa, har gidan waya ya ƙidaya wajen 930,000 cikin shekarar, ba wanda ya sami yawan haka a ƙasar in ban da 'yan siyasa. Mafi yawansu na fatan alheri ne, musamman bayan jaridu sun bayyana abin da ke faruwa. Amma dubbai na zagi ne, waɗansu kuma na cewa za a harbe shi a fili. Aka ba shi ɗan sanda yana binsa ko'ina da bindiga. Ya riƙa kwana a hotal dabam da abokansa, da sunan aro. Aka yi barazanar sace 'yarsa da ke karatu a wata jami'a a Nashville, sai da hukuma ta sa mata tsaro. Shekara ta ƙare yana da 713, saura ɗaya ya kama Ruth, ya shafe wata shida na hutu bai sani ba ko zai kai baɗi da rai.

Yana da shekara 39 a lokacin, ya riga ya sami suna da dukiya, da ya so sai ya ajiye kulki ya huta. Abin da ya hana shi, kamar yadda shi kansa ya sha faɗi, shi ne Robinson. Ya ga mutumin da ya sha irin wannan wuya shi kaɗai, bai gudu ba, ta dalilinsa kuma ƙofa ta buɗe wa yaran titin Davis. Robinson ya rasu ran 24 ga Oktoba, 1972, yana da shekara 53. Aaron ya ɗauka nauyin ya dawo kansa, in ya ja da baya don tsoro, masu wasiƙun nan sun ci nasara ke nan.

Ran 4 ga Afrilu, 1974, a Cincinnati, da lilon kulkinsa na farko a shekarar, ya yi na 714. Ran 8 ga Afrilu aka yi wasa a Atlanta da dare, mutum 53,775 suka cika fili, miliyoyi kuma suna kallo a talabijin. Abokan karawa kuwa Dodgers ne, ƙungiyar Robinson, wadda ta koma Los Angeles tun 1958. Tsohon nan Herbert, wanda ya taɓa ce wa ɗansa ba a ɗaukar baƙi, shi aka ba ya yi jifan buɗe wasa. A zagaye na huɗu mai jifa Al Downing ya sako ƙwallo, Aaron ya maka ta ta tsallake katangar hagu. Yana cikin kewaya zanguna sai ga samari biyu Turawa sun tsallako daga cikin 'yan kallo sun biyo shi a guje. Ɗan sandan da ke tsaronsa ya kai hannu ga bindiga, ya dakata. Ashe murna suka zo yi, suka dafa kafaɗarsa suka wuce. Da ya iso gida uwarsa Estella ta rungume shi ta ƙi saki. Ta ji ƙarar wasan wuta, ta zaci harbi ne, ta ce in za a kashe ɗanta sai dai a haɗa da ita.

Bayan Wasa

Ya ƙara shekara biyu a Milwaukee tare da ƙungiyar Brewers, ya bar wasa cikin 1976 da bugun gida 755, bayan shekara 23 a babbar gasa. Wannan lissafi ya tsaya shekara 31, sai cikin 2007 Barry Bonds ya wuce shi. Amma akwai wani lissafinsa da ba a kai ba har yanzu, watau ci 2,297 da ƙungiyarsa ta samu ta dalilin bugunsa. Cikin 1982 aka shigar da sunansa gidan tunawa da gwanayen besbol a Cooperstown, cikin 2002 kuma aka ba shi lambar girma mafi daraja da shugaban Amurka ke ba farar hula.

Wasiƙun zagin nan bai ƙone su ba. Ya tara su cikin akwati a gidansa, ya kan buɗe ya karanta lokaci lokaci, ya ce don kada ya manta da yadda ƙasarsa ta ke. Ya faɗa a fili cewa shekarar 1973 da ta 1974 sun rage masa daɗin abin da ya kamata ya zama farin cikin ransa. Duk da haka bai rabu da besbol ba. Ya koma Braves ya zama shugaban sashen renon matasan 'yan wasa, yana cikin baƙin farko da suka riƙe babban matsayi a ofishin wata ƙungiya. Ya kuma ci gaba da kiran da Robinson ya yi kwana tara kafin rasuwarsa, cewa a ba baƙi shugabancin ƙungiyoyi, kada a tsaya ga sa su gudu a fili kaɗai.

Cikin 1994 shi da matarsa Billye suka kafa gidauniya don taimakon yaran talakawa masu wata baiwa, ko ta kiɗa, ko ta zane, ko ta karatu, ko ta wasa, ana biya musu kuɗin malami da kayan aiki. Ya san icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ya kuma san yaro ba ya burin abin da bai taɓa ganin irinsa ya yi ba. Henry Aaron ya rasu a Atlanta ran 22 ga Janairu, 2021, saura mako biyu ya cika shekara 87. Ƙungiyar Braves ta ci gasar ƙasa a wannan shekara, da lambar rigarsa, 44, a zane bisa ciyawar filinsu.